Gemun Auduga da Ƙafar Katako

A jihar Jojiya ta kudancin Amurka, inda nake zaune yanzu, labaran da ake alfahari da su na tonon asiri ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne "Good Country People" na Flannery O'Connor, wadda ta yi rayuwarta a Milledgeville. Ya fito a 1955. Wani saurayi mai tallan Baibul ya iso wani gidan gona, ga ladabi kamar ya kwanta a taka shi. Ya yi ta yi wa 'yar gidan daɗin baki, mai digirin digirgir a falsafa, har ta bi shi saman rumbun ciyawa. Can ya buɗe littafin, ashe an rarake cikinsa, kwalbar giya ce da karta a ɓoye. Ya ɗauke ƙafar katakon da take tafiya da ita ya tsere, ya bar ta ba halin saukowa. Ko sunan da ya faɗa mata ba nasa ba ne.

Mu ma muna da malamin ƙarya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, Alhaji Imam ya sami garin da ba a yi karatu ba ya zama shehi. Da wani Malam Zurƙe ya zo ƙure shi, sai Alhaji ya yi zane a ƙasa. Zurƙe ya kira sunan harafi, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka ba shi gaskiya. Dariya muke yi, ba tsoro muke ji ba, irin dariyar da muke yi wa yaro ɗan tashe da ya liƙa gemun auduga ya cusa tsumma a ciki, alhali kowa a zauren ya san ɗan gidan wane ne.

A garinmu Minjibir gona tana jingine da gona, daga ƙofar gidanka kana hango ta maƙwabcinka. Baƙon da ya sauka da hantsi, kafin la'asar mai unguwa ya san daga ina ya fito. Mai son yaudara a irin wannan ƙasa sai dai ya zama ɗan hanya, yau nan gobe can. A karkarar Jojiya kuwa sai ka yi tafiya mai nisa cikin daji kafin ka ga wani gida.

Inda abin ya yi nauyi shi ne maganar asali. A littafin William Faulkner na 1932, Light in August, Joe Christmas fari ne a ido, amma ana raɗe-raɗin yana da jinin baƙar fata, shi kansa bai san gaskiyar ba. Da aka zarge shi da kisan kai, wannan raɗe-raɗin ne ya ƙara wa farautarsa wuta, har aka yi masa kisan wulaƙanci. Ba ƙirƙira ba ce kawai. Dokar jihar Bajiniya ta 1924 ta ce ɗigon jinin baƙar fata ya isa ya fitar da mutum daga sahun farare.

Mu ma bauta ba baƙuwarmu ba ce. Fanisau, can kusa da garinmu, cike take da gandayen bayi a ƙarni na 19, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Tsofaffi sun san asalin kowane gida, ba sa dai faɗa. Wannan rufin asiri ina ganin girmansa ƙwarai, domin ya sa mutane suna sallah a sahu ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, ba mai nuna wani da yatsa.

Sai ranar binciken aure. Dattawa biyu su je su dawo, a yi ƙus-ƙus a zaure, washegari a mayar da kayan na-gani-ina-so, a ce wa yaro Allah bai yi ba. Ba wanda zai gaya masa dalili. Littattafan soyayyar Kano da na karanta sun yi ta kukan auren dole da tsanar talaka, amma da wuya na ci karo da wannan yaron a cikinsu, kuma labarinsa nake so marubutanmu su ba mu.