Atamfar Sin Da Ladan Ɗan Ƙwadago

Duk sanda na ji ma'aikatan Amurka na kukan kayan Sin sun rufe musu masana'antu tun shigarta ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, sai Kaduna ta faɗo mini a rai. Masaƙar UNTL ta rufe a 2007, atamfa mai araha ta cika Kantin Kwari. Mai saye ya ji sauƙi, masaƙi ya koma acaɓa.

Mu a Horo Birni ci-rani ke taɓa lada. Samari kan tafi Legas, wasu har damina ta sauka ba su dawo ba. Lokacin noma Baba kan rasa 'yan ƙwadago, wanda ya samu kuma sai ya tsawwala kuɗi. Ban ga laifin yaron ba, ko da yake rumbun gidanmu ke biya.