Darajar aiki tana ga mai yinsa

 

Mu mutanen Dodoru da kewaye, daga Gwandu har Kalgo, ba sai an yi mana wa'azin aiki ba. Da damina muna gonar gero da dawa, da rani muna fadama tsakanin shinkafa da albasa, mata suna gida suna gumi da surfe. Inda muke da rauni shi ne ganin girman mai aikin. Muna cin nama muna raina mahauci. Muna sa takalmin fata muna ƙyamar majemi. Ɗan ƙwadago ya wuni a duƙe yana dashe, da yamma a ce masa ya dawo ranar kasuwa.

Maƙwabtanmu mabiya ɗarikar Katolika suna da tsohuwar koyarwa a kan wannan, kuma ni Musulmi na ga ta cancanci mu san ta. Ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Suna da Bishop a Sakkwato tun 1964, kujerar da Matthew Hassan Kukah yake kai tun 2011, kuma a 2023 aka ba Katsina nata Bishop, Gerald Musa, Bahaushe.

Tushen koyarwar shi ne, a littafinsu an ɗora wa Adamu noman gonar Aidan da kula da ita tun kafin ya saɓa. Don haka a wurinsu aiki ba horo ba ne, wahalar da ke cikinsa ce ta biyo bayan saɓo. Suna kuma lura da cewa Yesu, wato Annabi Isa (AS), ya yi mafi yawan shekarunsa a Nazarat a gidan Yusufu kafinta yana aikin hannu, wa'azinsa a fili bai wuce kamar shekara 3 ba. Shi ya sa a 1955 Fafaroma Pius na 12 ya keɓe 1 ga Mayu, ranar ma'aikata ta duniya, don tunawa da Yusufu ma'aikaci.

A 1891, lokacin da masana'antun Turai suke tatsar leburori, Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar Rerum Novarum. Ya ce amincewar lebura da ɗan kuɗi kaɗan ba ta halatta wannan kuɗin ba, in yunwa ce ta sa ya amince. Lada ya zama wanda zai riƙe mutum cikin mutunci. Ku auna wannan da yadda muke taya ɗan ƙwadago in mun ga idonsa ya faɗa.

Bayan shekara 90, a 1981, Fafaroma John Paul na 2 ya rubuta Laborem Exercens. Shi ya san aikin ƙarfi, don ya yi leburanci a wurin fasa dutse da kuma wata masana'anta a Poland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hujjarsa ita ce, kowane aiki yana da fuska biyu: abin da aka samar, da mutumin da ya samar. Ta biyun ita ce ma'auni. Buhun shinkafa yana da farashi, yana hawa yana sauka, amma wanda ya yanke ta ya casa ya sheƙe mutum ne da Allah ya karrama, darajarsa ba ta bin kasuwa. Daga nan ya ce aiki yana gaban jari, domin injin ban ruwa da taki da rance duk kayan aiki ne a hannun mutum. Kuma a fahimtarsu, shara ko girki ko dako da aka yi da kyau, aka miƙa wa Allah, hanya ce ta tsarkaka, ba sai limamin coci kaɗai ba.

Aƙidarmu da tasu ta bambanta a manyan wurare, wannan sananne ne. Amma a nan mun haɗu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa wa mai mulki sana'o'in da zai raya a ƙasarsa, har da maƙera da marina da mahauta da maɗinka. Hadisi ya umarce mu da biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Malamanmu sun koya mana cewa niyya tana mayar da neman halali ibada. To daga ina muka samo raina sana'a? Al'ada ce, kuma tana cutar da mu. Yaro ya gama jami'a a Kalgo ya zauna shekaru yana jiran ofis, yana jin kunyar makerar babansa, alhali ita ta biya masa kuɗin makaranta.

A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi, sunan jihar nan ya zagaya ƙasa. An yi ta ƙirga buhuna da kadada. Yanzu lokaci ya yi da za mu tambayi nawa ya shiga hannun mai dashe da mai gumi.

Ga abin da nake roƙo a wannan kaka. A yi jinga a bayyane kafin a shiga gona, a biya ranar da aka gama. Kada a rage wa mace lada don ita mace ce in aikin ɗaya ne. A kira mai sana'a da sunansa, a amsa gaisuwarsa yadda ake amsa ta mai rawani. Shi kuma ma'aikaci ya gyara aikinsa ko mai gona ba ya nan, don wanda yake yi wa aikin na gaskiya yana gani.

Allah ya sa albarka a guminmu, ya hana mu cin na wani. Wanda yake da gyara ko ƙari, bismillah.