Da Kawu ya samu ƙwayar wankin hoto

Mai karatu, wannan watan ka yi mani afuwa, ba sharhin fim zan yi ba. Wani gwangwani na buɗe a gidan mu da ke Gumel, shi ya hana ni barci.

Kawu na mai hoto ne. Duk ranar Alhamis sammako ya ke yi zuwa kasuwar Maigatari da kyamarar sa a wuya, ya ɗauki fatake da dillalan shanu da baƙin Nijar masu son fasfo. In ana biki a ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar, nan ma sai ka gan shi bisa keke. Hoto mai kala Kano ya ke aikawa a wanko, amma baƙi-da-fari shi ke wanke abin sa a wani ɗan ɗaki da ya toshe tagar sa da bargo. Wajajen 2005, ina ɗan shekara takwas, ni ne mai riƙe masa agogo.

A lokacin na ɗauka siddabaru ne. Sai da na shiga kwalejin kimiyya da fasaha na gane sirrin. Fim ɗin hoto leda ce da aka shafe da wani danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. In haske ya taɓa ƙwaya, sai ya bar mata tabon da ido ba ya gani. Aikin maganin wanki shi ne ya bi waɗanda haske ya taɓa, ya mayar da su baƙar azurfa zalla, ya ƙyale sauran. Daga nan sai a tsoma fim ɗin a ruwan haifo, wanda Bature John Herschel ya gano tun 1819 cewa ya na narkar da gishirin azurfa, ya kwashe ragowar. Abin da ya saura shi ne dodon hoto, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi ya fito fari.

Shahararren haɗin da kamfanin Kodak ya fitar a 1927, mai suna D-76, abu huɗu ne kacal a lita guda ta ruwa: giram 2 na metol da giram 5 na haidirokwinon, su ne masu aikin, giram 100 na sodiyam salfait, mai tsare su daga iska, sai giram 2 na boras, mai zaburar da su. Kai ɗan fim, ka sani tun asali don wanke finafinan silima aka ƙirƙiro shi. Wasu haɗe-haɗen kuma da sodiyam kabonet su ke zaburarwa, sinadarin da ke cikin kanwar da ake sa wa miyar kuka.

To, ga inda gizo ke saƙar. Maganin nan digiri 20 ya ke so, mu kuwa a bazara zafin Gumel kan haura 40. Don haka Kawu sai da asuba ya ke wanki, da ruwan da ya kwana a randa. Sannan garin maganin a fakiti ya ke zuwa, na galan guda, kuma ba a raba shi, domin in ka ɗebi rabi ba ka san wane sinadari ya fi yawa a cokalin ka ba. Dole ka dama duka. Shi kuwa da zarar ya sha ruwa, iska ta fara cin sa ke nan. Mai wanke fim biyu a mako kafin ya kai rabin jarka ta koma ruwan shayi. Na sha ganin sa ya na zubarwa a kwata ya na cewa, "Ɗan nan, ka ga kuɗin cefanen mu na tafiya."

Abin da ya ba ni takaici da na girma shi ne, ashe an magance matsalar tun kafin a haifi kakan sa. Wani kamfanin magunguna na Landan, Burroughs Wellcome, wanda ya yi rajistar sunan Tabloid a 1884, ya riƙa matse sinadaran hoto su zama ƙwaya kamar ta ciwon kai. Dabarar ita ce a raba su biyu: ƙwayar mai aikin daban, ta mai zaburarwa daban, a bushe, domin in su ka haɗu da laima tare nan da nan su ke lalacewa. Ranar aiki sai ka jefa su a ruwa daidai buƙatar ka. Da irin wannan ƙwaya mai suna Rytol Herbert Ponting ya wanke hotunan tafiyar Kyaftin Scott zuwa ƙurewar kudancin duniya, wadda aka fara a 1910. Mutum a cikin ƙanƙara ya samu, Kawu a Gumel bai ko taɓa jin labarin ta ba. Wayar hannu ta zo ta rufe masa shago, Kodak ɗin ma ya bayyana karyewa a 2012.

Na dawo kan gwangwani. Inna ta ta rasu ina ƙarami, kuma hoton ta guda ɗaya da ke bango ya yi rawaya har fuskar ta ɓace, alamar ba a ɗauraye haifo daga takardar sosai ba. Hotunan da na tara a waya kuwa sun bi ɓarawo a tasha. Amma cikin gwangwanin, bayan rasuwar Kawu, na tarar da dodanni naɗe a takarda. Na ɗaga ɗaya sama wajen haske, sai ga Inna da ɗankwalin ta, garau. Allah Sarki! Na aika an buga mani, yau ta na kan tebur na.

Haka ya faru da fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976. An tsinci faifan sa a Legas, aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Kasakasan bidiyon da masana'antar mu ta faro da su tun daga Turmin Danya a 1990 fa, nawa za su kunnu yau?

Roƙo na gare ka, mai karatu: in akwai tsohon mai hoto a unguwar ku, je ka gaishe shi, ka tambayi dodannin sa kafin yara su yi tabarau da su. A adana su a wuri mai sanyi, marar laima. Wataƙila fuskar wani naka na ciki.

Allah ya jiƙan Kawu da Inna, amin.