Gas Ko Gawayi? Kwana Biyu A Tsallaken Gadar Kaduna

Saura wata biyu bikina rigima ta ɓarke a gidanmu, kuma ba a kan gado ko kujeru ba, a kan abin da zan riƙa ɗora tukunya ne. Angon nawa fataucin citta yake yi, rabin watansa a hanyar Kachia yake ƙarewa. Wata rana a wurin zance ya ce zai saya mana tukunyar gas, mu yi girki da ita a gida, in tafiya ta kama mu a sa ta a mota. Ni kuma da bakina na je na fesa wa Inna. Ta dafe ƙirji ta ce, "Bam a ɗakin 'yata? Ba da ni ba." Ita kurfoti ta sani da buhun gawayi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Baba ya ce in shirya in je Kaduna wurin Gwaggo, tunda can za a kai ni, abin da ta yanke shi ke nan.

Daga tashar Kawo na hau wata motar, muka ratsa cikin gari, muka wuce filin wasa na Ahmadu Bello, sai ga gada. 'Yan'uwa, ni da na tashi a Kano, ganin kogi shimfiɗe a tsakiyar gari sai da ya sa na yi shiru. Ana tsallakewa kuwa sai ki ji kamar wani garin kika shiga: Kakuri, Makera, Barnawa, can gaba Sabon Tasha, ga masallaci ga coci, ga yaruka kala-kala, amma duk da Hausa ake ciniki.

A Kakuri Gwaggo take. Marigayi mijinta a masaƙa ya yi aiki, cikin masaƙun nan da suka fara tun 1957, waɗanda yanzu sai dogayen katangu da ciyawa. Da na zayyana mata abin da ya kawo ni, sai ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ke 'yar nan, ni ba wutar da ban yi girki da ita ba a garin nan. Na yi da itace, na yi da risho, da kananzir ya yi wuya zamanin Abacha har da ɗusar katako na dafa tuwo. Kwanta ki huta, gobe da ƙafarki za ki gani."

Na taki sa'a washegari Litinin ce, muka shiga kasuwar Monday. Can gefe muka sami wata dattijuwa mai gawayi, hannunta baƙi ƙirin, bakinta kuwa zuma. Ta ɗauko guda biyu ta gwara su, suka yi ƙara ƙyal kamar ƙarfe. Ta ce wannan shi ne na kirya, irin wanda maƙera ke so, yana da nauyi, yana daɗewa yana ci. Mai sauƙi kamar takarda kuwa tartsatsi zai yi ta yi miki, ya ƙona zani, kafin wake ya nuna ya zama toka. Ta ce in kula da buhun da aka cika gindinsa da gari da ƙasa. Na tambaye ta daga ina ake kawowa, ta nuna kudu da haɓa, ta ce daga daji, kuma kullum dajin ƙara nisa yake yi, shi ya sa kuɗin ba ya sauka. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don kowane buhu bishiya ce aka kayar.

Daga nan Gwaggo ta ce sai Sabon Tasha. Na ɗauka wani siyayya za mu yi. Ashe wurin da Inna ke tsoro za ta kai ni. Muna tafe a kan titin Kachia ta rage murya ta ce a unguwar nan ne, a watan Janairun 2020, wani shagon ɗura gas ya fashe, aka rasa rayuka, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Gwaggo, ashe Inna na da gaskiya." Ba ta tanka ba, sai ta ja ni shagon wani mai gas.

Mutumin nan ya yi mana bayani kamar malamin makaranta. Ya ce warin nan da muke ji da gangan ake zuba shi a gas, don hanci ya faɗa miki in yana zurara. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka in kin ji wari kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki rufe kan tukunyar ki buɗe ƙofa da taga. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar tiyo, ya ce in kumfa ya yi ƙwai-ƙwai to akwai kafa. Ya nuna mini mai kilo 3, da mai 6, da mai 12.5. Abin dariya, matatar mai da aka buɗe a 1980 tana nan gaba kaɗan da mu, amma yawancin gas ɗin daga kudancin ƙasar nan tankoki ke hauro da shi.

Sai da muka dawo gida muka yi la'asar sannan Gwaggo ta ba ni nata labarin. Wani hunturu, tana goyon ɗanta na fari, sanyi ya dame su, ta shigar da kurfoti ɗaki ta rufe ƙofa da taga. Cikin dare ta farka kanta kamar zai tsage, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, yaron ya yi laushi. Da rarrafe ta kai ƙofa. A asibiti aka ce mata garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take tafiya da shi. Ta ce, "Gas ko ba komai yana yi miki sallama da wari. Wannan kuwa shiru yake zuwa. Uwarki ta san da haka?"

Yaron nan da ya yi laushi shi ne Yaya, yanzu direba ne, kuma da magariba sai ga shi da tsokar rago. Ya ce a raba gardama. Rabi aka gasa a kasko kan gas, rabi a kan waya bisa garwashi. Na gas ya riga nuna, kafin ma gawayin ya gama kamawa. Amma, wayyo, da kitse ya fara ɗiga a garwashi, ƙamshin nan ya tashi, aka barbaɗa yaji da ƙuli, wallahi ko makaho ya san wanda ya ci gasa. Gwaggo da kanta ta miƙo hannu sau biyu.

Zancen hanya kuwa Yaya ya fi kowa sani. Ya ce ƙaramar tukunya ta fi sauƙin shayi da taliya a zango, sai dai a tsaye ake ɗaure ta, kuma ba a barinta a rufaffiyar mota cikin rana. Iskar hunturu na kaɗa wutarta, in ta ƙare a ƙauye kuma kin shiga uku. Gawayi ko'ina akwai shi a bakin titi, amma damina na jiƙa shi, kuma dole ki tsaya ki kashe shi da ruwa ya huce sarai kafin ya koma but.

Gwaggo ta yanke hukunci tana wanke hannu. Gas mai kilo 6 don girkin kullum, a kicin mai taga, kada ya kwana inda muke kwana. Kurfoti kuma a tsakar gida, don gashi da wake da ranar da gas ya ƙare. Na hanya, ango ya sayi nasa ƙarami, ya bar mini nawa.

Ta sa na kira mata Inna. Ina jin muryar Inna tana tashi, ita ko Gwaggo sai "to" take cewa, har ta gaji, sannan ta ba ta labarin daren hunturun nan, wanda ashe ba ta taɓa faɗa mata ba. Aka yi shiru mai tsawo. Can Gwaggo ta miƙo mini wayar, Inna ta ce, "Ki tambayi mai gawayin nan nawa ne buhu, ni zan biya. Ɗayan kuma kada a nuna mini shi ranar jere."