YADDA NA MAYAR DA MAZAUNIN ƘARAMIN INJIN HUJI NA SASSAƘA KATAKO

Idan kana da shagon cajin waya, ka san tashin hankalin da ake shiga in wayoyin mutane suka cakuɗe. Ni a shagona na Dutse sai da na biya wayar wani da ta ɓata, sannan na yanke shawarar yin allon katako mai gurbi 40, kowace waya da ɗakinta da lambarta.

Ina da ƙaramin injin nan na hannu, Dremel, da mazauninsa mai hannun da ake ja ƙasa. Na ɗauka ɗaurawa kawai zan yi in fara. Ashe an yi mazaunin ne don huda rami daga sama zuwa ƙasa, ba ya jure turi ta gefe. Ina tura katako, bakin injin ya kauce, ya ɓata min falanki guda, ya kuma ɗan taɓa min babban yatsa. Wallahi Allah ne ya kiyaye.

Ga gyaran da na yi, kai ma ka bi shi:

1. Ka ɗaure gindin mazaunin a kan katako mai kauri da noti huɗu, ka ɗaure katakon a jikin teburi. Rawar da yake yi ita ce babbar matsala.

2. Ka sauko da injin kusa da aikin, ka matse duk notin da ke jikin sandar.

3. Ka kafa miƙaƙƙen katako a bayan bakin injin, ya zama jagora. Aikinka zai riƙa bin jikinsa, layi ya fita sak.

4. Ka kulle zurfin. Kada ka ci fiye da milimita 1 a zuwa guda. Gurbi mai zurfin milimita 5, ka je sau biyar. Bakin siririn ƙarfe ne, milimita 3.2 kacal, gaggawa na karya shi.

5. Ka tura katakon daga hagu zuwa dama. A haka juyin injin ke manna shi da jagorar. Ni ta ɗaya gefen na bi, shi ya sa ya fizge.

Abu biyu kuma. Kafin ka sayi na gwanjo, duba jikinsa: na Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa zai ƙone. Sannan ka sa tabarau da takunkumi, don garin katakon nan ya fi ƙurar hunturu shiga ido.

Kwana uku allon ya ɗauke ni. Tun da na kafa shi, ban sake jin "Malam, ina wayata?" ba. Ka fara gwadawa a guntun katako kafin ka taɓa na aiki. Allah Ya ba da sa'a.