Tsakanin Alli da Littafin Kuɗi

'Yan'uwana, wani kanti ya neme ni aikin akawu. Albashinsa ya fi na koyarwa, amma ban taɓa riƙe littafin kuɗi ba. A aji, wanda ya kuskure lissafi sai ya goge allo. A kanti kuwa kowane kuɗi sau biyu ake rubuta shi, inda ya fito da inda ya shiga. In suka saɓa, akawu ake tuhuma, mutuncinsa ne jingina. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take, ta umurci marubuci da adalci. Saboda haka sharaɗina guda: babban akawu ya riƙa duba littafina har in ƙware. In an ƙi, ina nan da allina. Wasalam.