Allon Wani Tela A Yerwa

Akwai wani tela a Kasuwar Litinin ta Yerwa wanda a da kowace Sallah sai ya ɓuya, domin yakan karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa. Wata shekara har gaban Bulama aka kai shi.

Wannan kunya ce ta tuna masa da tsangaya, inda almajiri ba ya wanke allo sai ya biya karatunsa daidai. Sai ya kafa allo a shagonsa, ya raba shi gida uku: na jira, na kan keke, na gamammu. Gidan tsakiya ba ya wuce riga uku.

In allo ya cika yakan ce, "Alhaji, a yi haƙuri sai bayan Sallah." Ciniki ya ragu, amma ranar Idi ba ya sauya hanya don kowa.